Tukunyar Shafen Inna Kande

Gidanmu na unguwar Kwaciri, a Fagge cikin Kano, ba shi da wani abin nunawa. Ɗakuna huɗu ne a jere, da tsakar gida mai kwata a tsakiya, da wata rumfar kwano a lungu inda kakarmu Inna Kande ta kafa murhunta. Mahaifiyar babanmu ce, kuma sunanta aka sa mini, shi ya sa ba mai kiran sunana gatsal a gidan. Ita tana ce mini Takwara, saura kuwa Inna Ƙarama. Da damina, in an idar da magariba aka ɗauke wuta, wanda kusan kullum ne, mukan taru mu bakwai a gindin murhun nan, ni da ƙannena da 'ya'yan 'yan haya. Tana gasa mana masara, tana juya ta da yatsu kamar wuta ba ta san ta ba, tana bin mu da zagi ɗaya bayan ɗaya. Nawa dai ba ya canzawa, uwar tsiwa, kuma gaskiya ban ci zaginta a banza ba.

Inna ba 'yar birni ba ce. Daga wani ƙauye can kudu da Kano babanmu ya ɗauko ta bayan rasuwar kakanmu. Ta zo da tabarmarta da akwatin ƙarfe da wata baƙar tukunya da ta ƙi yarda kowa ya riƙe mata a mota. Mutanen garinsu masassaƙa ne, akushi suke yi, wato kwanon itacen nan na cin tuwo da yaran yanzu sai dai su gani a hoto. Maza ke sassaƙa shi da icen ɗanya, ya fito fari fat. Amma abin da ya sa ake neman akushin garinsu daga nesa shi ne shafen da ake yi masa, baƙi wuluk mai sheƙi, miya ba ta ratsa shi, gara ba ta kusantarsa, kaka ta ci a ciki jika ma ya ci.

Abu huɗu na haɗin shafen kowa ya san su, har mu yara: ƙaron maje, ruwan makuba na kwasfar ɗorawa, man kaɗe, da kunkunniyar da ake kankarowa a rufin madafi. Na biyar ne ba wanda ya sani sai mace ɗaya tak a duk zuriyar, ita ake kira uwar tukunya. In babu shi, shafen bushewa yake yi ya ɓare kamar ɓawon rogo. Inna ce uwar tukunya ta zamaninta. Sau biyu a shekara direban garinsu zai sauke buhun fararen akusa a ƙofar gidanmu, ta kulle kanta a ɗaki ta yi haɗinta, wani wari mai ɗaci ya cika gidan har maƙogwaro. Shafi bakwai take yi wa kowane akushi, kowane shafi sai ya kwana uku a inuwa kafin a ɗora masa wani. Roba da silba sun riga sun cinye kasuwa a lokacin, amma gidaje da dama a garinsu da buhun nan suke cin tuwo.

Tatsuniyar da zan ba da labarinta sau ɗaya Inna ta taɓa yi mana ita, kuma wani kwano ne ya jawo ta. Babanmu yana da shago a kasuwar Singa, shinkafa da taliya yake sayarwa. Yana da amini, Emeka, ɗan Ibo haifaffen Sabon Gari, Hausa a bakinsa kamar jakin Kano. Mutumin Inna ne ƙwarai saboda dambunta, yana ce mata Mama, ita kuma tana ce masa ɗan Sabon Gari mai cin bulus. Yakan je ƙasar Tailan saro takalma da jakunkuna. Mu dai abin da muka sani na ƙasar nan bai wuce shinkafa ba, sai ga shi wata la'asar ya shigo da tsarabar Inna a nannaɗe cikin jarida.

Kwano ne baƙi, an zana masa furanni da ruwan zinare, ba nauyi kamar faifai. Inna ta karɓa ta juya shi, ta shinshina, ta ƙwanƙwasa, ta sa farce ta karta, bai nuna ba. Ta tambaye shi icen me ne wannan. Ya ce ba ice ba ne, saƙar gora ce aka shafe. Wani abokin cinikinsa ne ya kai shi wata unguwa a arewacin ƙasar inda kusan kowane gida aikin ke nan tun kaka da kakanni. Ya ce wata bishiya suke tsagawa su tari ruwanta, in ya sha iska sai ya yi baƙi, kuma mugun ruwa ne, in ya taɓa fatar wanda bai saba ba sai ƙaiƙayi da kumburi. Har ya nuna mana tabon da ya bar masa a wuyan hannu. Ya ce shafi suke yi a kan shafi, su ajiye a ɗaki mai laima, ba sa yarda rana ta gani.

Inna tana ta gyaɗa kai, tana cewa haka ne, rana maƙiyiyar shafe ce, ashe su ma sun sani. Ban taɓa ganin ta yi wa baƙon abu irin wannan fara'a ba. Sai ta tambaye shi wace ce ke riƙe musu asirin haɗin. Emeka ya yi dariya ya ce wane asiri? Tsofaffi ne zaune a ƙofar gida suna koya wa duk mai so, 'yan makaranta ma layi-layi ake kawo su su gani, shi kansa da yake baƙo an miƙa masa ya gwada, abin da ya ja masa tabon ke nan.

Inna ta dube shi ta ce, "Kuma ba sa mutuwa?"

Ya ɗauka wasa take yi. Ya ce, "Mama, suna mutuwa mana, in sun tsufa."

Ba ta yi dariya ba. Ta kife kwanon a kan tabarma, ta tashi ta shige ɗaki, ko dambun da ya zo dominsa mahaifiyarmu ce ta zuba masa.

Da magariba hadari ya haɗo ta gabas, gari ya yi tsit, ko ganye ba ya motsi. Muka taru kamar kullum, amma Inna ba ta zagi kowa ba, kuma wannan ya fi zagin ba mu tsoro. Ta ɗora masara ta manta da ita har ta ƙone. Ita ba ta buɗe tatsuniya irin ta sauran mutane. Takan ce, "Ga ta nan tafe, ba ta da ƙafa," mu kuma mu ce ta zauna mu ji ta. Ranar nan da ta faɗa, da ƙyar biyu suka amsa.

Ta ce a wani gari na masassaƙa an yi wata uwar tukunya mai suna Ta-Kurmi. Dokar garin ita ce, uwar tukunya sau ɗaya take faɗin abu na biyar a rayuwarta, ga magajiya ɗaya ta jininta, kuma duk wadda ta faɗa ba ta wuce kwana arba'in a duniya. Haka iyayenta suka yi, suka faɗa suka tafi. Ita kuwa Ta-Kurmi son duniya gare ta, ga wayo. Ta zauna ta yi lissafi ta ce ashe ke nan muddin ban faɗa ba, ba zan mutu ba.

Da ruwan shuka ya sauka, sai ga wata doguwar mace a ƙofar ɗakinta, zanenta a jiƙe sharkaf, riƙe da faifai ba komai a kai. Ba ta yi sallama ba. A nan Inna ta sauke murya har sai da muka matso.

"Ta-Kurmi, kin faɗa?"

"Ban faɗa ba. Bari damina ta wuce."

"To, zan dawo. Amma ni ba na komawa da faifai haka."

Mutuwa ce. Ta juya ta fita, kafin gari ya waye babbar 'yar Ta-Kurmi, wadda ya kamata ta gaji tukunya, ta kwanta ba ta tashi ba. Tsohuwa ta yi kuka, ta share hawaye, ta ce ai kwananta ne ya ƙare, ta zaɓi ta biyu. Da damina ta zagayo doguwar nan ta dawo, ta yi tambayarta, aka ce mata bari a yi girbi. Ta tafi da ta biyu. Haka aka yi ta yi, 'ya'ya suka ƙare aka shiga jikoki, duk wadda tsohuwa ta ɗora wa ido ita faifai ke ɗauka. Iyaye mata suka fara ɓoye 'ya'yansu in sun hango ta. Hannunta ya soma rawa, idonta ya dushe, ta kasa shafi ko ɗaya, akusa suka taru farare a rumbu gara ta cinye. Masassaƙa suka ɗaure gizagonsu suka watse, gari ya zama kufai.

Sai a lokacin Ta-Kurmi ta gaji da rai. Ta nemi wanda za ta faɗa wa, babu. Ta faɗa wa kuka, ta faɗa wa rijiya, ta faɗa wa ƙadangare. Da doguwar ta zo, tsohuwa ta rarrafa ta kama ƙafarta ta ce na faɗa, ɗauke ni. Mutuwa ta ce kunnen wa ya ɗauka? Ta fizge ƙafarta ta wuce. Inna ta ce har yau tana can a kufai, ba ta mutu ba, ba ta rayu ba, in ruwan farko ya sauka ana jin ta tana ƙwanƙwasa busasshen akushi tana kiran sunayen 'ya'yanta. Sai Inna ta ɗauki itace ta buga gefen murhu sau uku, a hankali. Ƙanina Sale ya fashe da kuka.

Ta ce, "Ƙurunƙus. Na sauke kayana, wanda ya ji ya ɗauka." Ta kori kowa ya je ya yi alwalar isha, ni kuma da na yunƙura sai ta riƙe wuyan hannuna.

Hannunta sanyi ƙalau, ga ta kuwa a bakin wuta. Ta ce na san Goggo Hauwa? Na ce na san sunanta, ƙanwar babanmu da ta rasu wajen haihuwa ina goye. Ta ce ita ce magajiyarta. Sau uku Hauwa tana zuwa ta durƙusa ta ce Inna ki faɗa mini, sau uku tana ce mata ba yanzu ba, don tana jin daɗin duniya, tana so ta ga jikoki. Ta ce tun daga ranar da aka fita da Hauwa ba ta ƙara zaɓar kowa ba, ko a zuci, don tsoro. Amma ido ba ya jin magana, ya riga ya sauka a kaina tun bara.

"Takwara, ba zan bari faifai ya zo miki ba. Ranar Juma'a zan faɗa miki."

Shekarata goma sha ɗaya. Na gane abin da take nufi sarai: in ta faɗa ita za ta tafi, in ba ta faɗa ba ni ce. Gaba kura baya sayaki. Ban yi kuka a gabanta ba, sai da na shiga bayan gida.

Babanmu da ya ji, ransa ya ɓaci. Ya ce wannan camfi ne tsagwaronsa, rai a hannun Allah yake, Hauwa kwananta ne ya ƙare, kuma bai yarda a cusa wa yarinya tsoro ba. Inna ta ce duk abin da ya faɗa gaskiya ne, ita ma ta je makarantar allo, amma uwarta kwana talatin da ɗaya ta yi bayan ta faɗa mata, kakarta kuma ko sati uku ba ta cika ba. Ya ce ai da ma sai sun ji jiki ya ƙi suke faɗa, me zai hana su mutu? Ta ce to, shi dai ya bar ta. Uwa ce, ya bar ta.

Satin nan ban taɓa ganin irinsa ba. Inna ta rarraba zannuwanta, ta aika a nemo mata gafarar wata maƙwabciya da suka yi shekara ba sa magana a kan kaza. Ranar Laraba na dawo daga makaranta na tarar da farin yadi a shanye a igiya, shi kaɗai, iska na kaɗa shi. Likkafaninta ne ta fito da shi daga akwati ya sha iska. Na tsaya a zaure na kasa shiga. A nan ne dabara ta zo mini, kuma wallahi a lokacin na ɗauka duk Fagge ba mai wayona. Ai Mutuwa da bakinta ta ce sai kunne ya ɗauka. To in Inna ta faɗa ban ji ba fa? Ita ta sauke nauyi, ba ta yi jinkiri ba balle a zo ɗaukata. Kuma tun da ba kunnen da ya ɗauka, ba a faɗa ba ke nan, ita ma ba za a zo ɗaukarta ba.

Ranar Juma'a da la'asar sakaliya ruwa ya ɓarke kamar da bakin ƙwarya. Na farke gefen matashin kaina na ciro audugar rimi, na dangwala man kaɗe, na cusa a kunnuwana har sai da suka yi zafi. Na ɗaure ɗankwali tamau, na ɗora hijabi. Inna ta kira ni ɗakinta ta rufe ƙofa. Al'adar ta taimake ni, don ba a kunne ake raɗa abin ba kamar gulma. Uwar tukunya durƙusawa take yi ta sa bakinta a bakin tukunya ta faɗa a ciki, magajiya na bayanta riƙe da gefen zanenta, ta tsinci abin da ya fito. Na riƙe zanen Inna. Ruwa na dukan kwano, ni kuma na cije haƙora ina karanta Ƙulhuwallahu a zuci da ƙarfi. Na ga bayanta ya sunkuya, na ga kafaɗunta sun motsa, na ji wani gunji kamar na ƙudan zuma a cikin tulu. Shi ke nan.

Ta ɗago ta juyo, fuskarta jiƙe da hawaye. Bakinta na gani ya ce kin ji? Na ce na ji. Ta rungume ni, sannan ta kwaɓa yumɓu ta liƙe bakin tukunyar, don tukunya ba ta da uwa biyu. Ba za a sake buɗe ta ba sai tsohuwar ta kau.

Na shiga ƙirga kwanaki da gawayi a bayan ƙofa. Kullum da asuba kafin kowa ya tashi sai na leƙa ɗakinta in ga ko ƙirjinta na motsi. Ita kuwa ta daina gasa masara, ta daina tatsuniya, tana zaune da carbi tana jira. In aka yi sallama a zaure da muryar mace sai gabana ya faɗi. Wata rana wata doguwar mai tallan nono ta shigo a jiƙe da ruwan sama, na ƙwalla ƙara na ruga na faɗa kan Inna, har matar ta tsorata ta ce ko yarinyar nan tana da iska ne. A kwana na talatin Inna ta yi zazzaɓi, na kwana biyu ban ci abinci ba. Ta warke. Arba'in ta cika, ta wuce. Ranar arba'in da ɗaya ta fito tsakar gida ta dubi sama, ta dube mu, ta ce wane ɗan banza ne ya bar mata murhu da toka haka?

Ranar nan gidanmu kamar salla. Babanmu ya yi ta cewa ai ya faɗa, ai ya faɗa. Inna kuwa cewa ta yi albarkar Takwara ce, ƙafata ce mai kyau. Ni kaɗai na san abin da na ɗauka shi ne dalili, kuma na kama bakina gam. A ganina audugar nan ce ke riƙe da ran Inna. Ranar da na ce mata ban ji ba, ranar za ta sake faɗa, in kuwa ta sake faɗa na kashe ta da hannuna.

Bayan 'yan watanni babanmu ya zaunar da ita ya ce tun da ga shi camfi ya karye, me zai hana a yi yadda mutanen da Emeka ya gani suke yi, a tara matan garinsu a koya musu gaba ɗaya, kowa ya huta? Inna ta ce maganarsa abin dubawa ce, ita ma tun ranar da ta ga kwanon nan take tunaninta. Amma abin ya bar hannunta, ba a mayar da haihuwa ciki. In ta kau a tambayi Takwara, in ta ga dama ta yi shela da shi a kasuwar Singa. Babanmu ya juyo ya dube ni yana murmushi. Maganar ta zo mini har bakin haƙora, na haɗiye ta, na ce to.

Shekara huɗu Inna ta ƙara. Ba zan yi ƙarya ba, su ne mafi daɗin shekarun ƙuruciyata. Ta koma tatsuniyoyinta na gizo da ƙoƙi, ta yi ƙiba, ta koya mini shafi da ruwan makuba zalla a kan fasassun ƙore don hannuna ya saba. Buhun akusa ya daina zuwa, tun da tukunya a liƙe take. In an kawo mata gaisuwa daga garinsu takan yi dariya ta ce ku gaya musu su yi haƙuri, na tare musu hanya. Wani lokaci tana cikin dariya sai ta juyo ta ce, Takwara, kina dai tunawa ko? In ce ina tunawa. Sai in tashi in ba ta wuri.

Rasuwarta ba ta zo da hadari ba. Da bazara ne, wata Talata da hantsi, tana tsince shinkafa a faranti ta ce kanta na sarawa, ta jingina da bango. Kafin a samo mota ta cika. Ina makaranta, ko sallama ba mu yi ba. Da na dawo na ga takalma a ƙofar gida, abin da ya fara zuwa mini, Allah ya yafe mini, ba Inna ba ce. Cewa na yi a raina, ai ban ji ba, ya aka yi ta mutu?

Bayan sadakar arba'in aka yi sallama da babanmu. Wani tsoho ne siriri, hannuwansa duk kanta, ya sha hanya, da ƙullin buhu a kafaɗa. Babanmu ya ce Baba Ɗanlami ne, babban masassaƙan garinsu Inna, ya shigo da shi har tsakar gida. Tsohon nan da ya yi jika da ni ya sauke buhu, ya cire takalmi, ya durƙusa a gabana ya ce yana gaida uwar tukunya. Ya kwance buhun ya fito da akusa uku farare, sassaƙar hannunsa, sumul kamar ƙwai. Ya ce su huɗu suka rage masu riƙe gizago, samari duk sun tafi acaɓa, amma ya ce musu su dakata, in tukunya ta buɗe aiki zai dawo. Shekara huɗu yana ba su haƙuri.

Ramin ƙarya ƙurarre ne. Na faɗa musu komai, audugar da man kaɗen da ruwan saman, ina faɗa ina shessheƙa. Mahaifiyarmu ta dafe ƙirji. Babanmu ya zauna a kan turmi. Na so a ce tsohon nan ya zage ni, ko ya ɗaga hannu ya mare ni, da na fi samun sauƙi. Bai yi ba. Sai ya mayar da akusansa ɗaya bayan ɗaya, ya ƙulle bakin buhu.

Ya ce, "Allah ya jiƙan Kande. Gara da ta tafi ba ta sani ba." Ya ƙi tsayawa cin abinci, ya ce yana so ya sami motar yamma.

Mun fasa yumɓun daga baya, mun tarar da haɗin ya daskare kamar dutse. Babanmu ya kai wa masu magani a kasuwa su shinshina, kowa da abin da yake faɗa. Na gwada da abu huɗun nan ya fi a ƙirga, na ƙara gabaruwa, na ƙara ƙaro iri-iri, har madarar tumfafiya na zuba, duk ɓarewa yake yi. Labarin da ya iso mu daga baya shi ne Baba Ɗanlami ya koma sassaƙa ƙotar fartanya, a kanta ya rasu.

Yanzu na girmi Goggo Hauwa da shekaru masu yawa, ina koyar da yara a wata firamare a Sabon Gari, kuma na daɗe ina juya abin nan a raina. Da ina jin haushin al'adar, wadda ta ɗauki abincin gari guda ta rataya a harshen mace ɗaya, ta kuma ɗaura masa tsoron kabari. Har yanzu ina jin haushinta. Amma ba ita ta cusa mini auduga ba. Na yi shekaru ina lallashin kaina da cewa ko ba komai na sayo wa Inna shekara huɗu, kuma in aka ce in sake zaɓa, ita zan zaɓa a kan duk akusan duniya. Sai da hankali ya game jikina na yarda da abin da babanmu ya faɗa tun ranar farko, wanda na ji da kunnena biyu na ƙi ɗauka. Kwanan Inna a rubuce yake, ko na ji ko ban ji ba sai ta kai Talatar nan. Shekarun nan huɗu da ma nawa ne, kyauta Allah ya ba ni. Duk tsawonsu tana zaune kusa da ni, da bakinta da hankalinta, tana tambayata ko ina tunawa, ni kuma ina ce mata e.